Kwanon Da Ya Dawo Ba Wanki

A shekara ta uku da zuwanmu Guangzhou aka kawo amaryar. Lokacin muna zaune a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene da ke bayan titin Huanshi. Maigidana tufafi yake saye a kasuwannin Shahe, ya cika kwantena ya tura wa yayyensa Kano. Ni kuwa aikina girki da wanki da leƙen taga. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, don haka yini yana yi mini tsawo.

Matan Hausawa da ke zaune da mazajensu a wannan gefen garin ba mu kai goma ba. Abin da ya haɗa mu shi ne kwano. Duk ranar Juma'a kowacce za ta girka abin da ya sawwaƙa, ta zuba a kwanon samira ta aika wa 'yan uwa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga gida ake kawo mana su a ƙasan akwati, muna tattalinsu kamar magani, amma ranar Juma'a ba a rowa. Ƙa'idar ita ce dai wadda muka taso da ita: ba a mayar da kwano da datti, ba a kuma mayar da shi wayam. Ki wanke, ki goge, ki sa ko sabulu guda ne, ko dabino uku, ko kwalin ashana. A Kano abu ne da ba a ma lura da shi. A can kuwa, inda ba ki da uwa ba ki da ƙanwa, kwanon nan shi ne gaisuwa, shi ne yake gaya wa mutane cewa kina nan lafiya.

Babu yaran aike a garin, saboda haka wani mai tuwo ne yake zagayawa da kwanukan. Mutumin Kano ne, ya haura hamsin, ya yi shekaru a Jidda yana dafa wa alhazai abinci kafin ya biyo 'yan kasuwa zuwa China. Ɗan daudu ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In zai yi tuƙi sai ya ɗaura zani a kan wandonsa, in yana magana yana tafa hannu yana karya murya. Ya kama gida a hawa na huɗu na benen da ke kallon namu, ya mayar da falon wurin cin abinci. Maza su cika wurin, su ci tuwonsa su suɗe hannu, su fito suna yi masa habaici. Mata kuwa suna buɗe masa ƙofa. Inna, wadda ita ce babbar cikinmu, Badamagariya, matar dattijon da ya fi kowa daɗewa a garin, ƙawata take ce masa, su zauna su yi ta hirar farashin albasa.

Ni ban yarda da shi ba. Na taso ina jin cewa irinsu kawalai ne, cewa suna shiga gida da dariya su fito da sirrinsa. Maigidana ma ya ce kada ya wuce bakin ƙofa. Gidajen can ƙofa biyu gare su, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai sanduna a waje. Nakan buɗe ta ƙarfen daidai faɗin kwano, in karɓa in rufe. Yakan ce, "Hajjaju, ko ruwa ba a ba baƙo?" In ce ruwan bai yi sanyi ba. Sai ya yi dariya ya ce meyo, meyo, wato babu a Sinanci, na zama 'yar China, komai babu. Ban taɓa kiransa Malam ko Baba ba. Kai kawai nake ce masa.

Amaryar 'yar ƙasar Katsina ce, ta yi karatu har kwalejin malamai. Mijinta shi ne tafintan da kusan kowa ke dogara da shi. Karatu ya kawo shi, ya iya Sinanci, ya bar makaranta ya shiga kai 'yan kasuwa masana'antu. Mutum ne mai sanyin magana, kullum cikin fararen kaya, ba ya makara a masallaci. Maigidana ba ya iya ciniki da lawban, wato mai masana'anta, ko ɗaya sai da shi a gefe. A benenmu suka sauka, hawa na goma sha tara.

Ranar da muka je yi mata barka da zuwa ta turara mana ɗaki, ta yi ta dariya tana ba mu labarin yadda ta ƙi cin komai a jirgi don tsoron a ba ta naman kare. Tana da wushirya. Tun ranar ta fara ce mini Yaya. Kwanon farko da na aika mata ya dawo da ƙaramar kwalbar humra da ta haɗa da hannunta. Na biyu ya dawo da alkaki. Na ji a raina cewa na samu ƙanwa.

Bayan 'yan watanni ta daina zuwa zaman da muke yi a gidan Inna. Mijinta ya ce ciki gare ta, laulayi ya sa ta gaba. Muka yi murna, muka ce Allah ya raba lafiya. Kwanona ya fara dawowa a wanke amma ba komai a ciki. Na ce a raina mai laulayi ce.

Sai wata Juma'a na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na zaɓi tsoka uku masu kyau na sa mata. Da safiyar Asabar na buɗe ƙofa na tarar da kwanon a ƙasa, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Miya ta bushe a jikinsa, naman yana ciki ya fara wari. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. A wurinmu wannan zagi ne, kuma ba ƙarami ba. Mako na gaba haka, na gabansa ma haka. Na ce a raina girman kan 'yan boko ne, ta ga mijinta yana da hannu da shuni, abincinmu ya daina yi mata. Na daina aikawa.

Hawa takwas ne kacal tsakaninmu, ga lif. Ban hau ba. An tarbiyyantar da ni a kan cewa in an wulaƙanta ki, ki kau da kai, ki riƙe girmanki, kada ki je neman ba'asi. Ko Inna ban gaya wa ba, don kada a ce na kai ƙarar yarinya. Har ina jin daɗin kaina cewa na yi kawaici. Mako biyar na yi a haka.

Wata Laraba da hantsi mai tuwo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ba kwano a hannunsa. Ya tambaye ni me ya sa na daina ba shi saƙon hawa na goma sha tara. Na ce wannan ba matsalarsa ba ce. Ya tambaya yadda kwanon yake dawowa. Nan da nan na ɗaure fuska, na ce ga shi nan, abin da ake faɗa ne, ya zo kwasar magana ya kai gaba. Amma bakin ya riga ya suɓuce, na ce da datti yake dawowa.

"Naman fa, Hajjaju? Ana ci?"

Na ce ba a taɓa shi.

Sannan ya gaya mini cewa tafintan yana sayen abinci kwano biyu a wurinsa. Ɗaya yana dawowa ƙashi kawai. Ɗayan kuwa an dama tuwon a cikin miya an shanye, nama yana nan ko yaga ba a yi ba. Ya ce wata biyu ke nan bai ga fuskarta ba, mijin ne yake tare shi a ƙasa ya karɓi kwanukan, shi ne kuma yake mayarwa.

"Mai laulayi ba ta ci ne sam, ko ta ci ta dawo da shi," in ji shi. "Wannan tana jin yunwa. Taunawa ce ba ta iya yi."

Ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa ya nuna mini gefen da babu haƙora. Ya ce samari ne suka tare shi a wani lungu a Kano, tun yana matashi, ya yi wata guda kunu kawai yake sha. Bai ƙara komai a kan haka ba.

Na ce na ji, na rufe ƙofa. Na zauna a bakin gado ina neman abin da zai ci a wannan magana. Na ce wataƙila so yake ya raba ta da mijinta ya haɗa ta da wani mai kuɗi cikin masu zuwa sayayya. Na ce wataƙila sun samu saɓani ne da tafintan yana neman ɓata shi. Duk hanyar da na bi sai in dawo kan naman nan uku da na zubar da hannuna.

Da maigidana ya dawo ya ci abinci na ba shi labari. Bai ɗago kai ba. Ya ce ba ruwana da gidan wani, kuma kada in bari ɗan daudu ya sa mini magana a baki. Ya ce baje kolin Pazhou zai fara mako mai zuwa, yana da masana'antu huɗu da zai gani, kuma na san da wa zai je. Yadda ya ƙi kallona ne ya tsaya mini a rai. Na fara tunanin ko ya sani, ko dukkansu sun sani. Har yau ban tambaye shi ba.

Daga ranar na koma kallon tafintan. In muka haɗu a lif zai rusuna ya ce, "Hajiya, ya gida? Ƙanwarki tana gaishe ki." In duba bayan hannunsa, in duba idonsa, ba na ganin komai. Sai dai na lura a cikin makullansa akwai wani ƙarami sabo, irin na kwaɗo, alhali ƙofofin benenmu ba sa buƙatar kwaɗo. Na kuma tuna wata tsohuwa 'yar China da ke zaune a hawansu, wadda ta taɓa riƙe mini mayafi a lif, tana nuna sama, tana magana da sauri, tana buga dunƙulen hannunta a tafinta. A lokacin na yi murmushi na ce mata ban gane ba. Gaskiya ban so in gane ba ne.

Da baje kolin ya fara, maza suna fita da sassafe ba sa dawowa sai bayan magariba. Ashe mai tuwo ya je wurin Inna. Ta kira ni a waya ta ce ni ce a benen, ni zan kai su. Ba ta tambaye ni ko ina so ba.

Muka hau mu uku. Shi ya tsaya can wajen matattakala, ya ce ba ya son a ce an gan shi a ƙofar matar aure mijinta ba ya nan, kada a ƙara mata wani laifin. Ƙofar ƙarfen tana da kwaɗo ta waje. Inna ta yi sallama, ta sake yi, ta ce, "'Yata, ni ce, ba kowa ba ne." Mun daɗe kafin ta katakon ta buɗe kaɗan.

Ta sa hijabi ta jawo shi har haɓa, amma bai rufe ba. Gefen muƙamuƙinta ya kumbura, launin ya fara komawa ɗorawa. Ta rame, cikin ya fito. Da ƙyar take buɗe baki. Ta gaishe mu kamar yadda ake gaisuwa, ta ce ta faɗi ne a banɗaki.

Inna ta ce, "To, Allah ya kiyaye gaba. Banɗakin ne kuma ya sa miki kwaɗo?"

Amaryar ta juyo ta dube ni ta tsakanin sandunan.

"Yaya, kwanonki."

Na ce ba komai, ya wuce.

"Da gangan na ƙi wankewa," in ji ta. "Na ce za ki ji haushi ki hau ki yi mini faɗa. A gidanmu da tuni an zo an tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Sau uku ina zaune a nan ina jiran ƙwanƙwasawa."

Na riƙe sandar ƙofar.

Inna ba ta tsaya a kaina ba. Ta zura hannu ta kama nata, ta tambaye ta me take so a yi mata. Ta ce mijin ya karɓe wayarta, fasfonta ma yana wurinsa. Ta ce ba ta son 'yan sanda, ba ta son tashin hankali, ba ta son mahaifinta ya ji a bakin baƙi. Gida kawai take so, wurin mahaifiyarta, kafin cikin ya tsufa jirgi ya ƙi ɗaukarta. Inna ta ce ta ji, ta koma ta kwanta, kada ta nuna masa an zo.

A gidan Inna muka zauna muka juya maganar. Zuwa hukuma bai yiwu ba, don ita ta ce ba ta so, kuma ko mun je wa zai yi mana tafinta? Ga shi mutanenmu da yawa bizarsu ta ƙare, har da mai tuwo. In an fasa kwaɗon, ba ta da fasfo, kuma zai ce an sace masa mata. In an tunkare shi a ce yana dukanta, zai musa cikin sanyin murya, maza su yarda, washegari ya ɗauke ta ya koma wata unguwa a wannan gari da ba shi da iyaka, mu rasa inda take.

Mai tuwo yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa yana tsinke zogale busasshe. Ya ce ai cikin fari ne. Ya ce goyon ciki, a kai mace gidan iyayenta ta haihu ta yi wankan jego, ba Bahaushen da zai ƙi shi a gaban maza 'yan uwansa. Kada a ce masa ya yi laifi, a taya shi murna ne a bainar jama'a har ya rasa ƙofar fita. Inna ta dube shi, sannan ta ce za ta yi magana da maigidanta.

Ni har lokacin zuciyata ba ta sake ba. Na dube shi na ce, "Kai me za ka samu a ciki?"

Ya ɗaga gira ya ce, "Kwanona nake so ya riƙa dawowa a wanke, Hajjaju. Hannuna ya gaji."

Inna ta yi mini wani kallo da ban manta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci maza suka cika falon mai tuwo, mazauna da baƙin baje koli. Inna ta ce wa mazanmu za mu je taya shi aiki saboda yawan jama'a. Ranar na fara shiga gidansa. Kicin ɗin ya fi nawa tsabta. A kan wata 'yar kanta akwai sallaya a naɗe da carbi, da hoton wata tsohuwa da na ɗauka mahaifiyarsa ce. Labule ne ya raba mu da falon, muna jin komai.

Ya ɗauki kwano ya cika shi da nama ya dire gaban tafintan, ya kama hanci ya rangaɗa guɗa. Falon ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Ya ce jama'a su taya shi murna, tafintansu ya kusa zama uba yana ɓoyewa don kada a ci ragon suna. Aka yi ta miƙa wa mutumin hannu ana Allah ya raba lafiya. Da hayaniyar ta lafa, mijin Inna ya gyara murya ya tambaya yaushe za a kai yarinyar gida, tunda cikin fari ba a haihuwarsa a hannun baƙi.

Tafintan ya ce ai asibitocin nan sun fi na gida kayan aiki.

Wani ya ce, "Ko kai za ka yi mata wankan jegon?"

Mai tuwo ya ce tafinta zai iya mana, in dai ya samo ganyen darbejiya a Shahe, shi kuma zai ara masa tukunya da zanin ɗaurawa. Aka sake kwashewa da dariya. Wani dattijo Bakatsine da ya zo baje kolin tare da matarsa ya ce nan da kwana goma za su koma, matarsa za ta riƙe yarinyar har ƙofar gidansu, ai hanya ɗaya ce. Wannan ba mu shirya shi ba, Allah ne ya kawo. Mijin Inna ya ce to an gama, gobe ta dawo wurin Inna a shirya ta, shi kuma tafinta ya kawo masa fasfo da yamma a yanki tikiti.

Tafintan ya yi dariya tare da kowa, ya ce yadda manya suka ce haka za a yi. Ta gefen labule na ga lokacin da ya juya ya dubi mai tuwo. Bakinsa yana dariya, idonsa ba ya yi. Maigidana yana can gefe kansa a sunkuye yana cin tuwo. Sau ɗaya na ji muryarsa, da ya ce haka ne, al'ada ce.

Ranar Asabar amaryar ta sauko da akwati ɗaya. Kwana tara ta yi a gidan Inna. Muka yi mata kitso, muka ƙunsa mata lalle. Da aka naɗe hannun rigarta da bakin zaninta muka ga sauran abin da hijabi ya rufe. Inna ta ɗauko man shanu ta riƙa shafa mata a hankali tana ba mu labarin wata akuyarta ta Damagaram mai cin sabulu, har yarinyar ta yi dariya tana riƙe da muƙamuƙi. Mai tuwo yana aiko da kunun gyaɗa da faten dankali, abin da ba sai an tauna ba. Inna ta ba ta waya ta kira mahaifiyarta, muka fita muka bar mata ɗakin. Mijin ya zo sau biyu, kuma duk zuwan a falo ya zauna tare da mijin Inna, ba a bar su su biyu ba.

Ranar tafiya na raka ta har bakin tasi. Na so in ce ta yafe mini, sai na ji kaina ina ce mata ta riƙa motsa ƙafa a jirgi. Ta ce to, Yaya.

Da yammacin ranar mai tuwo ya kawo mini farfesun kaza a wani kwano mai koren murfi, ya ce na gajiya ne. Na karɓa ta 'yar kafar nan da na saba buɗewa. Na ci, na wanke kwanon, na goge. Sai na tsaya tunanin abin da zan sa a ciki. Sabulu ya yi mini kaɗan. Na ce sai na fita na sayo turare mai kyau, in kai masa da kaina, in kira shi Baba, in ce in ya zo gidana ya shigo ya sha ruwa. Kwana huɗu ina wannan shiri.

A rana ta biyar na tsallaka titi na hau hawa na huɗu. An manna wata doguwar takarda a kan ƙofar, da rubutun da ba na iya karantawa. Maƙwabciyarsa ta leƙo ta kaɗa hannu ta ce meyo. Daga baya muka ji cewa masu duba takardu sun zo shekaranjiya, kai tsaye ƙofarsa suka nufa, ba su taɓa ta kowa ba. Wasu suka ce wani mai sayar da abinci ne ya kai shi don kishin ciniki. Wasu suka ce mai gidan ne. Ni ina da nawa zaton, amma ban ga komai da idona ba, kuma na riga na san inda zatona ya taɓa kai ni. Tafintan ya ci gaba da rusuna mini a lif. Maigidana ya ci gaba da aiki da shi har shekara biyu, yana zuwa gidanmu ina zuba masa abinci.

Labarin yarinyar ya iso mana ta bakin Inna. Ta haihu a wata na bakwai, namiji, bai kai ranar suna ba. Ban ji abin da likitoci suka ce ba, kuma ba wanda ya ɗora wa kowa. Kwana Allah ne yake yankewa, na sani. Amma makonni biyar ɗin nan nawa ne, ba na iya ba wa wani su. Kawunnanta suka tsaya har aka karɓo mata takardar saki. Ba ta koma China ba. Yanzu tana koyarwa, ta yi wani auren, tana da 'ya'ya. Mun haɗu sau ɗaya a wani biki, ta rungume ni, muka yi hirar komai ban da kwano.

Mai tuwo kuwa an ce ya yi watanni a tsare kafin a sa shi a jirgi. Da muka dawo Kano gaba ɗaya na sa aka kai ni wuraren masu sayar da abinci ina tambaya, ina kwatanta shi, tunda ko cikakken sunansa ban taɓa nema ba. A wuri na uku wani irinsa ya ajiye ludayi ya dube ni, ya tambaya ko ni 'yar uwarsa ce. Na ce maƙwabciya ce. Ya ce ai ya rasu tun damina waccan, ciwon ƙirji, kuma ba a samu mutane da yawa a jana'izar ba. Na yi masa addu'a a tsaye a wurin, da kwanon a cikin jaka. Ban san ko in bar wa mutumin ba. Na dawo da shi gida.

Yana nan a saman kabad, turaren yana ciki, ban taɓa buɗe kwalbar ba. A unguwarmu yanzu ana cewa ina da shisshigi, don in na aika abinci kwano ya dawo ba yadda ya kamata ba, ba na kwana ban sa hijabi na je ba. Sau biyu na tarar ƙyuya ce kawai, na ji kunya na dawo. Sau ɗaya ba ita ba ce.